Yadda Yaya Hatimi Ta Shiga Jam'iyyar A Ƙyale Kowa

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki a ofishin ba da lasisin buɗe shago, a taga ta huɗu. Duk wanda ya taɓa neman wannan takarda a garinmu ya san fuskarta. Yaya Hatimi ake ce mata, har mu 'yan gida muka ɗauka. Doguwa ce mai tabarau, ba ta da faɗa, amma in hotonka ya gaza girman da aka ce, za ta turo maka takardunka ta ƙarƙashin gilashi cikin mutunci ta ce ka dawo gobe. Ni da nake ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, sau biyu ta mayar da ni lokacin da zan buɗe shagona na kwafin takardu.

Da ta yi ritaya, gidanta ne ya ji a jikinsa. Ta liƙa wa kowane gwangwani na kicin suna, ta jera takalman maigidanta bisa launi, ta rubuta ranakun ba shuke-shuke ruwa ta manna a jikin firji. Maigidan, wanda muke kira Mai Agogo saboda sana'arsa, mutum ne mai haƙuri. Amma bayan ta bi shi shago ta gyara masa durowa, sai ga shi wurina.

"Ƙanwata, ki taimaka ki samo wa yayarki abin yi," in ji shi. "Kwana uku ke nan ban san inda kayan aikina suke ba. Wai an shirya mini su."

Kafin in yi wani tunani aka yi mata aiki a gwiwa, likita ya ce sai ta yi sati shida a zaune. A nan ne surukinta, mijin babbar 'yarta, ya kawo mata kwamfutar hannu ya nuna mata wani wasa da yake yi a intanet. Injiniya muke kiransa. Wasan na siyasa ne. An ƙirƙiri wata ƙasa da babu ita a duniya, da majalisa mai kujeru sittin. 'Yan wasa su ne 'yan siyasar: su kafa jam'iyyu, su rubuta dokoki, su yi muhawara, a yi zaɓe duk bayan sati biyu. Ita kuma na'ura ta riƙa nuna abin da kowace doka ta jawo, ko ayyuka sun ƙaru, ko kaya sun yi tsada, ko jama'a sun ji daɗi.

Injiniya yana cikin manyan jam'iyya mai mulki, kuma ƙuri'a ɗaya yake nema, shi ya sa ya yi mata rajista. Ita kuwa ta ce ba ta sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Ta kwana biyu tana bin manufofin jam'iyyu tara da jan biro da littafi a gefe, rana ta uku ta shiga mafi ƙanƙantarsu, Jam'iyyar A Ƙyale Kowa. Mutum biyar ne a ciki, kujerarsu ɗaya. Ra'ayinsu gajere ne: gwamnati ta tsare rai da dukiya, ta yi shari'a tsakanin mutane, sauran al'amura ta cire hannunta, kowa ya yi sana'arsa ya zauna yadda ya ga dama.

Da na ji, na rufe shago na tafi.

"Yaya, ke ce za ki ce a ƙyale kowa? Ke da kika mayar da ni gida saboda kunnena ɗaya bai fito a hoto ba?"

Ta ɗaga ƙafarta ta gyara matashin da ke ƙarƙashi. "Ai shi ya sa," ta ce. "Takardu goma sha huɗu nake karɓa a wurin kowa. Huɗu ake dubawa. Sauran goman wani ɗaki ake kai su a bene na biyu, kuma makullin ɗakin ya ɓata tun ina da cikin auta. Akwai wata mai sayar da sabulu da ta zo mini sau goma sha ɗaya, na goma sha biyun ba ta zo ba. Har yau nakan tuna ta. A lokacin aikina ke nan, ba ni na rubuta dokar ba. Yanzu kuwa an ba ni biro."

Shugaban jam'iyyar wani ne da ya sa wa kansa suna Zakara. Ba wanda ya san fuskarsa, sai dai rubutunsa, kuma ya iya rubutu. Jawabinsa guda kan kai shafi biyar, duk a kan 'yanci, ba a cika karanta shi har ƙarshe ba. Yaya kuwa layi shida ta rubuta dokarta ta farko: wanda zai buɗe shago ya kawo takarda huɗu, in ofis bai ba shi amsa cikin kwana uku ba, to an ba shi izini ke nan. Aka yi ta neman kuskure a ciki aka rasa. Doka ta wuce, na'ura ta nuna shaguna sun ƙaru.

Daga nan ta mai da abin aiki. Ƙarfe takwas na safe ta yi wanka ta sa tabarau ta zauna a teburin cin abinci, sha biyu ta tashi hutun rana, huɗu ta rufe kwamfuta ko da majalisa na ci da wuta. Mai Agogo ya samu durowarsa ta koma yadda ya saba da ita, har ya fara ƙiba. Da ta ga jam'iyyar ba ta da tsarin mulki, ta rubuta musu mai sashe ashirin. Zakara ya yi gunagunin cewa jam'iyyar 'yanci ba ta buƙatar wannan, amma sauran suka amince, don a lokacin sun kai mutum goma sha bakwai kuma an fara rigimar wa zai yi magana kafin wa.

A zaɓe na huɗu suka ci kujeru bakwai. Manyan jam'iyyun biyu kowacce ta kasa kafa gwamnati sai da su. Ina gidan ranar Asabar da Injiniya ya zo da ledar lemo, ya gaishe ta ya fi sau uku, ya tambayi gwiwa, ya tambayi barci, sannan ya sunkuyar da kai.

"Mama, dama kan maganar haɗin gwiwar nan ne."

"Ka zo da ita a rubuce?"

"A'a Mama, na ɗauka tunda gida ne..."

"Lemon na gida ne, na gode. Maganar kuwa ta jam'iyya ce. Ka rubuto, ka dawo ranar Litinin."

Matarsa ta shige kicin tana dariya har da riƙe ciki. Ranar Litinin ya dawo da takarda, aka ba Yaya ministar kasuwanci.

Wata biyu ta yi a kujerar, kuma a cikinsu ne aka samu saɓani. Zakara ya kawo dokar da za ta rushe duk wani ofishin duba kaya, har da masu duba magani da ma'aunin 'yan kasuwa. Ya ce kasuwa za ta hukunta mai ha'inci da kanta. Yaya ta rubuta masa a zauren jam'iyya cewa ta yarda da rabi. In mai shago ya sayar maka da takalmi mara kyau, gobe ka canza shago. In maganin zazzaɓi ne mara kyau, ba lallai ka ga goben ba. Suka yi kwana huɗu suna musu, a ranar ƙuri'a ta jefa tata tare da 'yan adawa da dokar, doka ta faɗi da ƙuri'a ɗaya.

Washegari takardar korarta daga jam'iyya ta iso. Na same ta tana karantawa, na yi zaton zan ga ɓacin rai. Sai na ga tana ja wa wani layi jan biro a littafinta.

"Sashe na tara ya ce a ba mutum sanarwar kwana uku," ta ce. "Kwana ɗaya suka ba ni."

Ta mayar musu. Suka sake aikowa, ta ga mutum biyu ne suka sa hannu maimakon uku, ta sake mayarwa. A karo na uku komai ya cika. Ta karanta sau biyu, ta rubuta musu cewa korar ta yi daidai, ta yi wa jam'iyya fatan alheri, ta rufe kwamfuta tun sha ɗaya. A ranar kam Mai Agogo ya dafa mata shayi da kansa, ya zauna kusa da ita yana gyaran wani agogon bango da ba wanda ya kawo masa.

Sati uku ba ta leƙa wasan ba. Ta fara zuwa shagona da sandarta, tana zama a benci tana duba takardun masu zuwa kwafi tana gaya musu waɗanda ba sai sun ɓata kuɗinsu a kai ba. Cinikina ya ragu, masu gaisuwa suka ƙaru.

Sai wata safiya saƙo ya shigo mata daga Zakara, wannan karon layi uku kacal. Ashe direban motar haya ne a wani gari mai nisa, yana son buɗe wurin wankin tufafi da guga, kuma sau biyar ofis na mayar da shi. Ya ce ya san ba shi da bakin roƙonta. Ta ce ya kira ta. Ina zaune suka yi magana, muryarsa ƙarama, ta mai kunya, sai "to Hajiya" yake ta cewa. Ta sa ya karanto mata takardun ɗaya bayan ɗaya, ta gano cewa adireshin shagon ya sha bamban a wurare biyu. Cikin sati ya samu lasisi, ya aiko mata hoton injin wankinsa.

Ba ta nemi a mayar da ita jam'iyya ba, su suka yi taro suka kira ta. Ta koma a matsayin 'yar jam'iyya kawai, ta ce ministar ta ishe ta. Yanzu kujerunsu huɗu, suna ɓangaren adawa, ita da Zakara suna ta musu a kan ko gwamnati ce ya kamata ta gina tituna, kuma ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa.

Watan jiya ta matsa mini sai da na yi rajista. Na bi sawunta, na karanta manufofin duka, na shiga jam'iyyar da ke cewa a gina asibiti kyauta a kowace unguwa. Da na gaya mata muna cin abincin rana, ta ajiye cokali ta dube ni ta saman tabarau.

"Wa zai biya likitocin?"

"Haraji mana, Yaya."

"Na wa?"

Mai Agogo ya ɗauki farantinsa ya koma baranda. Mu kuwa har aka kwashe kwanuka ba mu gama ba.