Na ce wa Habibu mura ce

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin kwance bakin buhu da safen nan aka zo aka ce mini Malam Sabi'u ya rasu.

Shi ya koya mana labarin ƙasa a sakandare. Ni ban yi nisa ba, kasuwa ta janye ni, amma Malam bai taɓa sallama ta daga aji ba. Tun da ya yi ritaya, rumfata ta hatsi a kasuwar Daura ta koma ajinsa.

A yaba wa Turawa, sun iya tsari. Da can sun zo sun mulke mu, sun kwashi gyaɗa da fata. Yanzu sun rage haihuwa, sun tsufa, sai suka aiko a kai musu 'ya'yanmu su riƙa juya su a gado. A wurin Malam na ɗauki wannan karatun, gatsen ne kawai nawa.

Yakan ɗauki tiyar awo ya kife ta a kan buhu. "Ka gan mu nan, Ɗanjuma. Gindi faɗi, yara ne fal, tsofaffi 'yan kaɗan a sama." Sai ya juyo ta. "Ga Jamus da Japan."

In ce, "To Malam, ai tasu ce ke riƙe gero."

Ya yi dariya har da tari. "Sun yi yaƙe-yaƙensu sun gama, suka zauna gina makarantu. Mu kuwa soja ya ture farar hula, farar hula ya ture alkawari. Amma yaran nan ba kaya ba ne, arziki ne, in an karantar da su."

Duk ranar da na tafi cin kasuwar Baure shi ke tsare mini rumfa. Yana cika tiya har tana zuba. Har yau akwai matan da ke leƙowa, in suka ga ni ne su wuce.

Babban ɗansa Habibu nas ne a gidan kula da tsofaffi a Ingila. Malam da hannunsa ya cike masa takardun tafiya.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi. Ya rame, kofi ma sai da na riƙe masa. Na zaro waya zan kira Habibu, ya dafa hannuna.

"Bar shi. Takardar zamansa ta kusa fitowa. In ya taho yanzu shekarunsa sun tafi a banza. Ka ce masa mura ce."

Ni da nake iya sayar wa mutum masara ya tafi yana godiya, wannan ƙaramar ƙarya ce a wurina. Sau biyu Habibu ya kira ni. Sau biyu na ce mura ce.

Yau ni aka ba wa aikin sanar da shi. Da na kira, ya ɗauka yana cewa, "Yaya Ɗanjuma, ɗan dakata, ina yi wa wani dattijo aski ne." Na dakata har ya gama.

Bayan azahar za a kai Malam. Babu jirgin da zai iso.

Gobe zan buɗe rumfa, ban san wa zai zauna a bencin nan ya ce mini ban iya tunani ba sai awo.

Allah Ya gafarta wa Malam Sabi'u, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa ilimin da ya bari ya bi shi. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, ya haɗa da Habibu.

Habibu ya ce zai sake kira in an dawo daga maƙabarta, yana son jin tun yaushe na san jikin Malam ya yi tsanani. In ku ne, wane kwanan wata za ku ba shi?