Madubin Bindigar Dodo

Ɗana Tanimu gyaran babur yake yi a Sabon Gari. Da rani sukan hau tsamiya bayan Jiratawa su yi dakon gada, shi da Dodo, maharbin Tsibiri da ya koya masa harbi. Idon Dodo ya raunana, yana shirin jingine bindiga.

Ranar Tanimu ta ƙarshe a duniya, da hantsi na raka shi ya zaɓa wa Dodo madubin bindiga na hangen nesa. Na nuna babba, ya yi dariya.

"Baba, gada fa ta ƙarƙashinmu take wucewa. Da wannan gashinta kaɗai zai gani."

Ya ɗauki ƙarami. Da azahar muka ci fura. Da la'asar mota ta buge shi.

Kayan aikinsa na ba ƙanensa, madubin na kai Tsibiri da kaina. Bana Dodo ya aiko mana da cinyar gada.