Mutum-mutumin Misira a Gonar Kawu

Ana sallame asuba muka tashi daga tashar Maraɗi, mu tara da buhun taki a motar mutum biyar. An yi ruwan shuka kwana biyu kafin nan, gonaki ta ko'ina sun cika da mutane. A Madarunfa na karya da soyayyen kifin tabki, sannan ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa ƙauyen kawuna, gaba da Gabi. Sau biyu muna sauka mu tura babur cikin laka, ya ce wannan ba ya cikin kuɗin.

Kawu yayan mahaifiyata ne, yana kan addinin kakanni har yau. Matarsa ta rasu bara, 'ya'yansa uku sun tafi ci-rani Najeriya ba su komo ba. Gidan shiru, murhu ya yi sanyi. A gona na iske shi. Sai ya sare layi guda da sungumi, ya aje, ya koma farko yana zuba iri yana rufewa da diddige. Aikin mutum biyu, shi kaɗai.

Da muka zauna shan fura gindin gawo, na ciro abin da na kawo masa daga jaka. Mutum-mutumi ne na yumɓu, tsawon yatsa, hannuwa a ƙirji, riƙe da fartanya. Na saye shi a Alƙahira, kwaikwayon na dā ne, ina nuna wa ɗalibaina a lakkwal. Na gaya masa mutanen Misira na dā sun yarda akwai gonaki a lahira, kuma ana kiran mamaci aiki. Shi ya sa suke bizne shi da irin waɗannan, in an kira sunansa su amsa a madadinsa.

"Me yake cewa?" in ji Kawu.

"Cewa yake 'ga ni', Kawu. Shi ke nan."

"To, ya fi 'ya'yana."

Ya yi dariya, ni na kasa. Ya daɗe yana juya shi a tafinsa, sannan ya miƙo mini.

"Riƙe abinka, ɗana. In akwai gona can, da kaina zan tashi. Marigayiya innarku ce ke zuba mini iri shekara arba'in. In na aika wannan, wa za ta bi?"

Kwana uku na yi ina bin bayansa da ƙwaryar iri. Bayana ya ƙage, ya ce na fi tsuntsu ɓarnar gero. Ba ya yawan magana, amma yakan waiwayo ya ga ko ina nan.

Ranar komowa ya raka ni har bakin hanya. Babur ya yi nisa, yana tsaye.

Na iso Maraɗi da la'asar, ƙafafu duk laka. Da zan je, na ɗauka nauyin aiki ne ke damun tsoho. Ashe mai bin bayansa ya rasa. Na riga na nemi hutun kwana biyar lokacin noman fari, in koma wurinsa.