Kiril a Miyar Sallah

Musbahu Raki yana jan kwalaye a wani sito a unguwar Cheetham Hill ta Manchester. Idan ka ce masa "ba matsala", sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya je ya duba da idonsa. Abokan aiki na cewa baƙin hali ne. Ba su san labarin ba.

Daga Kano ya zo Manchester karatun digiri na uku a kan kiril, wasu mitsi-mitsin jatan lande na tekun ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya. Ba su kai ɗan yatsa ba, amma da su manyan dabbobin teku masu girman bas suke rayuwa, da su tsuntsayen fengwin ke ciyar da 'ya'yansu. Su kuma kiril ɗin, gansakukar ƙarƙashin ƙanƙara suke ci. Musbahu ya bi jirgin ruwan bincike, ya sha amai da sanyi, ya dawo da su a daskare cikin ledoji don ya feɗe cikinsu ya ga abin da suke samu yanzu da ƙanƙarar ke narkewa. Ledojin nan su ne digirin nasa.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Aka rufe ɗakin bincikensu, aka ce za a kashe firizoji. Shugaban sashe ya dafa kafaɗarsa ya ce suna matuƙar daraja aikinsa, za a samo wa ledojinsa wuri. Daraja ba ta daskarar da komai. Ranar da ya ga masu kwashe kaya a ƙofa, ya zuba ledojin a kular ƙanƙara, ya hau mota sai Birmingham, gidan yayarsa Zinatu, mai ƙatuwar firizar naman layya.

Tana wurin aiki. Mijinta, Dokta Sunusi, ya buɗe masa.

"Dokta, don Allah ka gaya wa Yaya kada a taɓa waɗannan."

"Haba, ba matsala. Yanzu zan kira ta."

Bai kira ba.

Ranar Sallah Musbahu ya zo, ya ci tuwo da miyar kuɓewa har ya nemi ƙari.

"Ka ji daɗin tsarabarka ko?" in ji Zinatu. "Rabona da kirafish mai kyau haka tun gida. Na gasa na niƙe duka, har maƙwabta na ɗibar wa. Ashe kana da hannun kyauta, marowaci!"

Ya tafi ya ɗaga murfin firizar. Nama ne kawai.

Bai ga laifin Yaya ba. Ta ga abin miya ta yi miya. Dokta ne ya fara kame-kame da Turanci, yana cewa lallai zai yi magana da wani farfesa abokinsa.

"Magana!" in ji Musbahu. "Kira ɗaya na roƙe ka. Waya tana aljihunka!"

Jami'a ta aiko da jaje mai daɗin karantawa. Jirgi na biyu da zai sake kai shi tekun kuwa, babu. Digiri ya tafi.

Har yau yana zuwa Birmingham da Sallah. Yana gaida Dokta a tsaye, ya wuce kicin. Duk abin da ya kawo, a hannun Yaya yake damƙawa, ya faɗa mata ko mene ne da bakinsa.