Wainar da Ta Hana Ni Zuwa Suna

Shekara uku ina jinyar Inna, mahaifiyata, a gidanmu na Withington, tun da ciwon mantuwa ya kama ta. Takan ajiye takalmi a firij, ta wanke ni tas wai na sace mata zannuwa. Da 'yata ta haihu a Birmingham, kwana biyu kacal nake nema, in je suna in ɗauki jikata ta fari. Likitanmu ya ce gwamnati na biyan masu zuwa su karɓi mai jinya ya huta, amma sai council, wato ƙaramar hukumarmu, ta turo wadda za ta ga irin wahalar da nake sha.

To, ni dai baƙuwa aka ce za ta zo. Na share gida har bayan kujeru, na turara shi, na soya waina. Na yi wa Inna wanka da kokawa, na ɗaura mata atamfar sallah.

Baturiyar ta shigo da takardunta. Inna, wadda da safen nan ta jefe ni da kofi, ta gyara zama kamar uwar amarya, sai murmushi take tana tura mata faranti.

"Kina samun barci?" matar ta tambaye ni.

"Lafiya lau, mun gode Allah."

"Akwai abin da ya fi ƙarfinki?"

Ta yaya zan ce uwata ta fi ƙarfina, ga ta zaune tana kallon bakina? Ba ta jin Turanci, amma ni ina jin kunya. Na ce babu komai. Matar ta ci waina huɗu, ta rubuta abin da ta rubuta. Da takarda ta iso, wai iyalin nan suna riƙe da kansu sosai, a sake dubawa nan gaba.

"Mummy, seriously?" 'yata ta ce da na kira ta. "Kuka fa za ki yi mata, ba waina ba!"

A waya na kalli sunan, ina jin haushin Inna, ba zan ɓoye ba. Aka nuno jaririyar.

"'Yar wa ce?" Inna ta ce.

"Tattaɓa-kunnenki ce, Inna. Sunanki aka sa mata."

Ta rangaɗa guɗa har maƙwabcinmu ya buga bango. Can jimawa ta sake tambaya. Sau bakwai na gaya mata, sau bakwai ta yi guɗa. Ni ko sau ɗaya ban iya ba.