Ƙofar da Na Buɗe a Kwamfutar Malama Rifkatu

Ƙarshen damina ne, a shekarar da gulbi ya cika ya haura fadama, ya kwanta a kan shinkafa har ta ruɓe. Wanda ya zauna Argungu a lokacin ya san yadda garin ya yi. Kasuwa tana ci amma babu hayaniya, injin casa sai ya wuni bai yi ko tari ba. Ni sana'ata gumi ce: in sayi shinkafa da ƙaiƙayinta, in turara, in shanya, in kai inji. Da ita nake riƙe da kaina da ɗiyata Safiya tun bayan rasuwar mahaifinta. Ba ni da komai, amma ba a taɓa kiran sunana wurin rigima ba. Da shinkafa ta ƙare a gari, sai tukunyata ta kife.

'Ya'yana, hannun da nake rubuta muku wannan da shi, wata mace ce ta riƙe shi ta koya masa rubutu. Sunanta Malama Rifkatu, Kirista ce, mutuniyar Filato, ta daɗe zaune a Birnin Kebbi. Ita ke zuwa Argungu tana koyar da mu a ajin yaƙi da jahilci. Idan na yi harafi a karkace ba ta faɗa, sai ta ce, "Maman Safiya, wannan ya sha kunu ne yake tangaɗi, sake masa." Ita ta ga halin da na shiga, ta samo mini aikin shara da ɗaukar hoton takardu a wani shagon kwamfuta kusa da unguwar Gesse a Birnin Kebbi. Mai shagon ɗan kudu ne, mutum mai sauƙi, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Na kama ɗaki a Birni, muka dawo ni da Safiya.

A shagon nan na fara ganin abin da suke kira abdet. Kwamfuta tana cikin aiki sai ta tsaya, fuskarta ta yi shuɗi, wani ɗan zobe ya riƙa juyawa, ta rubuta cewa kada a kashe ta. Mai shago ya ce mini masu ƙera ta ne ke aiko mata gyara daga nesa, suna toshe ramukan da ɓarayi suka gano. Amma ban taɓa ganin wanda ya yi mata sannu ba. Ma'aikaci ya shigo da takardar da ake jira a ofis, ɗalibi ya zo cike jarrabawa, an ɗauke wuta, janareto yana shan mai, ita kuma tana juyin zobenta.

"Wagga aba ta san sa'ad da mutum ka sauri," in ji wani.

"Ta ce kar a kashe ta. To ita ka sayen mai?" in ji wani kuma.

Mai shago ya ce wa wani dattijo, "Alhaji yi haƙuri, wanka take yi." Alhajin ya ce, "Ta yi wankan da ruwan gidan ubanta, ba da datata ba." Kowa ya yi dariya, har ni. A wurin mutanenmu abdet ɓarawon data ne kawai, duk wanda ya hana shi kuwa mai taimako ne.

Kusa da mu akwai Nasiru mai gyaran kwamfuta. Yaro ne mai ladabi, har ƙasa yake gaishe ni, yana ce mini Inna. Shi ya nuna mini inda ake latsawa a ɗage abin zuwa wani mako. Na gwada wa wata malamar makaranta, ta ji daɗi, ta ba ni na ruwa. Ban roƙa ba, amma na karɓa. Daga baya ya nuna mini yadda ake rufe shi gaba ɗaya, kada ya sake tasowa. Sai aka fara nemana da suna. Matar da jiya take tsince tsakuwa a shinkafa, yau ana ce mata mai gyara. Wannan ya fi kuɗin yi mini daɗi, ba zan ɓoye muku ba.

Wata rana Nasiru ya ce, "Inna, ke ka iya shiga inda ni ba ni shiga." Gaskiya ya faɗa. Akwai mata da yawa masu kwamfuta a gida, malaman asibiti, matan manyan ma'aikata, masu saro kaya ta waya, kuma gidajensu namiji baƙo ba ya wuce zaure. Ni kuwa sallama ɗaya nake yi in kai har uwar ɗaka. A shimfiɗa mini tabarma, a kawo mini fura, a miƙo mini kwamfuta, matar gida ta koma wurin girkinta. Ya ba ni wani ɗan filash, abin nan kamar ɗan yatsa da ake sokawa a gefen kwamfuta. Ya ce in na rufe abdet sai in soka shi, in jira kaɗan, in zare.

Na ce, "Mi ke ciki?"

Ya ce, "Magani na, Inna. Shi ka hana ta tuna baya."

Ban sake tambaya ba, don bayan kowace fita yana ba ni wani abu a dunƙule. Safiya ta samu takalmin makaranta, mun koma cin nama ranar Juma'a.

Ranar da na san abin da filash ɗin ke yi, ina zaune ne a ɗakin wata ungozoma da na yi wa aikin. Na je gaishe ta na tarar idonta ya kumbura. Ta ce an kwashe duk abin da ke asusunta na banki, abin da take tarawa don aikin idon mahaifiyarta. Ta ce, "Ni ban ba kowa lambata ba." Tana kuka tana zuba mini kunu. Na sha kunun. Na fito na tafi wurin Nasiru, ban ma buɗe baki ba ya ce, "Inna, hannunki ya riga ya shiga. In an kama ni, ke aka gani cikin gidajen, ba ni ba." Daga ranar duk gidan da na shiga, da sanina na shiga. Wani lokaci kwamfuta takan fito da jan rubutu tana gargaɗi cewa ba ta da tsaro. Ina iya karanta shi, Malama ta koya mini ɗan Turancin da ya isa. Sai in ce wa mai ita dabara ce ta masu sayar da data, ta rufe kawai.

A lokacin Malama Rifkatu ita ke riƙe da harkar wata ƙungiyar mata manoman shinkafa na Gulma da Augie. Duk abin da suka tara na taki da iri da man injin ban-ruwa, ta kwamfutarta ake biya. Bayan ambaliya, noman ranin nan shi kaɗai ya rage musu. Nasiru ya san da haka. Amma ya ce filash ɗinsa ba ya kama kwamfutar Malama, don ita ba ta taɓa hana abdet. Ita kaɗai na sani a garin nan da ba ta zaginsa. Takan ce, "Rigakafi ne. Kin taɓa ganin yaron da ya yi dariya ranar allura?" Ya ce sai an rufe nata tukuna, a bar ta ta kwana biyu a haka, ramuka su taru.

Na yi ta ja. Na ce masa wannan uwata ce. Ya ce to ai shi ya sa ba za ta zarge ni ba.

Wata Asabar da rana na je gidanta a Gesse da Safiya. Kwamfutar tana kan tebur a buɗe. Malama ta ja Safiya suka shiga kicin suna soya doya, ina jin dariyarsu. Na rufe mata abdet, abin bai ɗauke ni tsawon alwala ba. Da ta fito ta ce, "Kin yi shiru yau." Na ce kai ke ɗan sara mini. Ta ɗauko mini magani da ruwa. Bayan wasu makonni na koma da filash.

Kuɗin ya tafi daidai lokacin da ya kamata a ɗauko taki. Matan Gulma suka cika mota suka zo suka zauna a ƙofar gidan Malama, cikin rana, ba zagi, ba ihu. Wata tsohuwa ce kawai ta ce, "Mun ba ki amana don mun ga kin koya wa ɗiyanmu karatu." A gari kuwa maganar ta ɗauki wani salo. Aka ce ai daman baƙuwa ce, aka ce ta aika gida ta yi gini. Masu bincike suka duba kwamfutar suka ce da hannu aka rufe tsaronta, ba kuskure ba ne. Suka tambaye ta wa ke taɓa ta. Ta ce babu kowa sai ita. Ba rufa mini asiri ta yi ba. Ko a ranta ban faɗo ba.

Aka tsare ta a caji ofis. Ni ce na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka na kai mata. Ta karɓa ta ce, "Maman Safiya, ni abin da ban gane ba, kullum ina barinta ta gama." Na ce Allah zai bayyana gaskiya. Da bakina na faɗa.

Da na so in yi wa kaina ado, da na ce muku zuciyata ce ta kai ni na tona kaina. Ba haka aka yi ba. Nasiru aka kama a wani laifin daban, bai kwana ba ya ambaci sunana. A kotu na faɗi komai, har gidajen da ba a tambaye ni ba. Ungozomar nan tana zaune a baya, ba ta ɗago kai ba har aka tashi. Aka sallami Malama, ni aka wuce da ni gidan yari.

Ba zan ja muku labarin ciki ba. Akwai zafi, akwai sauro, akwai gabza. Amma abin da ya fi cin raina, matan da ke ciki da suka ji na iya rubutu, sai suka riƙa kawo mini in rubuta musu saƙo zuwa gida. Duk harafin da na yi sai in ji hannun Malama a kan nawa. Safiya ta koma Argungu wurin ƙanwata, ta bar makaranta, don yara suna ce mata ɗiyar mai filash. Ta zo ganina da farko, daga baya ta daina. Matan Gulma sun rasa noman ranin nan, wasu suka sayar da awakinsu, ƙungiyar ta watse. Malama kuwa, duk da kotu ta wanke ta, ba a mayar da ita aikinta ba. Aka ce ko ba ta ci ba, ta yi sakaci.

Na fito da furfura. Ƙanwata ta karɓe ni, Allah ya saka mata. Safiya ta gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabciya, ta kawo mini ruwa, ta fita. Na roƙi Allah gafara, ina kuma kan roƙo, amma na san haƙƙin mutane sai su sun yafe. Ƙanwata ce ta gaya mini Malama tana nan Birni, ta kafa 'yar rumfa kusa da tasha tana buga wa mutane takardu.

To 'ya'yana, ku da kuke riƙe da waya da kwamfuta, ku ji ni. Idan ta tsaya ta ce tana gyara, ku bar ta ta gama. Ku tashi ku sha ruwa, ku gaida na kusa da ku. Data tana ƙarewa a sake saye. Wanda ya ce zai rufe muku abin don ku huta, ku tambaye shi mi zai samu, ko da kuwa tsohuwa ce mai lulluɓi da sallama mai daɗi. Ku kuma da kuka iya wani abu kaɗan da wasu ba su iya ba, ku ji tsoron daɗin a ce da ku gwani. Ni ban fara da sata ba. Na fara da na ruwa, da jin ana kirana mai gyara, da rashin sake tambayar abin da ke cikin filash don kada a ba ni amsa.

Washegarin ranar da ƙanwata ta gaya mini inda Malama take, da sassafe na shiga mota zuwa Birnin Kebbi. Na same ta a rumfar, ta rame, ta sa tabarau. Wani mutum yana tsaye a kanta da takarda, kwamfutar ta yi shuɗi, zoben yana juyawa. Ya ce, "Malama, kashe ta ki kunna mana." Ta ce, "Sai ta gama." Ya yi tsaki ya tafi.

Na yi sallama, na durƙusa. Na ce, "Malama, ni ce."

Ta ce, "Na san ke ce. Abin da na kasa sani, tuwon nan da kika kawo mini caji ofis, da wane hannu kika tuƙa shi."

Na ce ta yafe mini. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta turo benci da ƙafa ta ce, "Zauna, kin tare mini haske."

Na zauna. Muka zuba wa zoben ido, ni da ita, motoci suna lodi, rana tana ɗagawa. Ya daɗe. Da ya gama, kwamfutar ta farka ta nemi lambar sirri. Malama ta sa hannu biyu ta juya fuskar kwamfutar daga wajena, sannan ta fara latsawa. Ni kuma na sunkuyar da kai har ta gama.