Ranar da Aka Mai da Ni Fasto a Wurogauri

Shekarun baya, tun ina aikin malamin gona, aka tura ni Masama ta ƙasar Gwandu. Ni mutumin Zuru ne, Kirista, kuma iya sanina ni da matata ne kaɗai Kiristoci a ƙauyen. Abin bai dame mu ba. Ran Lahadi mu tura ƙofa, ta ja waƙa in bi ta da wannan muryar tawa mai kama da tsohon injin ban-ruwa, ta yi ta dariya, mu yi addu'a mu tashi. Cocinmu ke nan, mutum biyu, kuma ya ishe mu.

Wajen haihuwarta ta fari ta rasu, ita da abin da ta haifa. Muka kai su gida aka binne, na dawo ni kaɗai.

Mutanen Masama sun yi mini abin da ko 'yan'uwa sai haka. Maza suka zauna da ni a ƙofar gida, mata suka yi ta aiko da tuwo da fura har na rasa inda zan sa kwanuka. Kowa ya zo sai ya ce ya haƙuri, Allah ya ba da haƙuri. Ni kuwa kunnena yana jiran wani ya yi mata addu'a ita kanta, ya roƙa mata rahama yadda na saba ji ana yi wa kowane mamaci a garin. Ba wanda ya yi. Na san dalili, addininsu ne bai ba su dama ba, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma ina zaune tsakiyar jama'a cike da tabarma, ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba.

Ni ɗin ma bakina ya ƙi addu'a. Fushi nake yi da Allah, fushi na gaske. Na nemi canjin wurin aiki, aka mai da ni Wurogauri ta ƙasar Kalgo, wai ko sabon wuri zai rage mini. Ashe kaɗaicin ya riga ni hawa mota. Mahaifiyata kullum tana kira, tana cewa ga coci nan a Kalgo, in hau babur in je in ga mutane. In ce mata to. Lahadi ta zo in kwanta in juya wa ƙofa baya. Na rame har wandona sai da igiya. Hira kuwa sai da babur ɗina, in ya ƙi tashi in yi ta yi masa faɗa kamar yana da kunne. Gaskiyar magana, na kai matsayin da ban damu ba ko in wayi gari ko kada in waya.

Wata rana da damina, bayan la'asar, mai gidan da nake haya ya yi mini sallama. Dattijo ne marar yawan magana, tsakaninmu sai gaisuwa.

"Malam, taso mu tai," in ji shi. "Wani naku na kwance zauren mai unguwa, kuma ga alama ba shi tashi."

Ya yi mini bayani a tsaye. Direban tarakta ne da aka ɗauko daga wajen Filato. Kububuwa ce ta sare shi a fadama kwanaki da suka wuce, ya tsaya shan jiƙo bai nemi asibiti ba, sai da jini ya ɓalle masa. An aika Kalgo a zo da mota, amma ruwa ya cinye hanya. Gicciyen da ke wuyansa suka gani, shi ya sa suka tuna da ni.

Na ce masa ni fa ba fasto ba ne, rabona da coci ma har na manta. Ya dube ni ya ce, "Mu ba mu barin mutum shi cika ba a tuna mai da Ubangijinai ba. Namu mun san abin da muka hwaɗa mai. Naku ba mu sani ba. Kai ka sani."

Na sa takalmi na bi shi.

Mutumin yana kwance a kan tabarma, ƙafarsa ta kumbura ta yi baƙi, jini yana tsattsafowa daga hancinsa da dasashinsa. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Da na shiga, mutane suka ja baya suka tsaya daga bakin zaure, suka bar mana wuri. Na durƙusa na gaya masa ni Kirista ne. Ya kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

"Fasto," ya ce, ni kuma ban gyara masa ba. "Yesu yana nan? Har nan wurin?"

Tambayar da na yi wata da watanni ina yi wa kaina ke nan, kuma na riga na yanke cewa ba ya nan. Amma ba a gaya wa mai mutuwa haka. Na ce, "Yana nan." Ya ce in sake faɗa. Na sake. Sai na fara addu'ar Ubangiji, wadda kowane Kirista ya haddace, na kai tsakiya na kakare, kuka ya ci ƙarfina. Shi da ake yi wa addu'ar, shi ya ƙarasa ta da leɓunansa masu jini, ina bin sa a baya. Ya cika kafin motar ta iso, hannunsa yana riƙe da nawa.

Washegari na raka gawarsa cocin Kalgo, don ba wanda zai raka ta. Faston gaske ya karɓe mu, ya tambaye ni ko ɗan'uwana ne, na ce i. Lahadin da ta biyo baya na koma, na zauna can kujerar ƙarshe ban yi waƙa ba. Na ci gaba da komawa. A hankali matan zumunta na cocin suka gane ni gwauro ne marar iya girki, suka sa ni gaba da abinci har igiyar wando ta daina aiki.

Ba zan ce muku kaɗaici ya tafi duka ba. Har yanzu akwai Lahadin da in aka ja wata waƙa sai in fita waje in tsaya. Kuma har yanzu ina jin ciwon yadda bawan Allahn nan ya mutu a zauren baƙi, nesa da iyalinsa, a kan abin da allura za ta iya magancewa. Amma tun daga ranar ban sake kwanciya ina fatan kada gari ya waye ba. Lokacin da na ce masa Yesu yana nan, gani nake ƙarya nake yi masa don ya tafi da kwanciyar hankali. Shi ya tafi, ni aka bari da maganar, kuma ita ke riƙe da ni har yau.